Yadda Ake Mayar da Awon Hodar Koko Daga Kofi Zuwa Gram, Daga Gram Kuma Zuwa Kofi

Da wuya sati ya wuce ban samu wannan tambayar ba, ko daga masu koyon gashin kek a wurina a nan Jos, ko daga matan da ke turo mini saƙo ta WhatsApp: "Anti, an ce in sa gram 60 na koko, ni kuwa ba ni da sikeli, kofi nawa ke nan?" Wata kuma nata akasin haka ne, ta sayi sikeli sabo ful, amma tsarin girkin da ta samo da kofi da cokali aka rubuta shi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi dalla-dalla, kowa ta ajiye a wayarta.

Ga amsar a taƙaice ga mai sauri: kofi ɗaya na awo yana ɗaukar hodar koko kimanin gram 85, babban cokali gram 5, ƙaramin cokali kuma ɗan ƙasa da gram 2. Sai dai 'yar uwa, kada ki tsaya a nan. Waɗannan lambobi ba sa zama gaskiya sai an cika kofin ta hanyar da ta dace. Hodar koko ba kamar sukari ba ce da ko yaya kika ɗebo shi kofi zai ba ki kusan gram 200. Ita iska ce cike a tsakaninta, tana kwanciya, tana danƙarewa, tana yin gudaji. Kofi guda, mace biyu, sai ɗaya ta ɗebo gram 80, ɗaya ta haura 100, kuma kowacce ta rantse kofi ɗaya ta sa. Wannan bambancin shi ne ke fito da kek busasshe mai ɗaci, yana marmashewa tun daga kan wuƙa.

Kayan da za ki tanada

Jerin kofunan awo, masu zuwa huɗu ko biyar a haɗe. Jerin cokulan awo. Rariya mai ƙananan ido. Wuƙa mai miƙaƙƙen baya, ko wani abu mai shafaffen gefe. Busasshen kwano da faranti. Sikelin kicin mai batir, irin wanda ke nuna gram ɗaya-ɗaya har zuwa kilo 5, idan da hali. Duk ana samunsu a shagunan kayan kek da ke kewayen Taminus, wato tsakiyar kasuwancin Jos. Idan kuɗinki na abu ɗaya ne kawai, ni dai shawarata ki sayi sikeli ki bar kofunan, domin mai sikeli ba ta buƙatar kofi, amma mai kofi wata rana sai ta nemi sikeli.

1. Tabbatar da abin da ke hannunki

Kafin a yi maganar awo, a san me ake aunawa. A bakinmu kalmar koko ta fi tafiya ga na gero da ake sha da ƙosai, don haka idan za ki aiki yaro kasuwa, ki ce masa hodar koko ta yin kek, ta cakulan, kuma shagon kayan kek zai je, ba wurin masu hatsi ba.

Hodar da nake magana a kanta ita ce zalla, wadda ba sukari ba madara. Ki ɗan lasa: idan ɗaci ya bugi harshenki, ita ce. Idan kin ji zaƙi, an haɗa ta da wani abu, kuma lissafin da ke ƙasa bai shafe ta ba.

Gargaɗi: Milo da Bournvita ba hodar koko ba ne. Abin sha ne da aka haɗa da sukari da sauran abubuwa, koko wani kaso ne kawai a ciki. Nauyinsu a kofi daban, aikinsu a kwaɓi daban. Idan kika sa su a madadin koko, kek zai yi zaƙi fiye da kima, launinsa ya koɗe, ƙanshin cakulan kuwa sai an laluba.

Ki duba jikin gwangwani ko leda kuma. Koko iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka bari yadda yake, launinsa ya fi haske, yana da ɗan tsami, shi ne ke aiki da bekin soda har kek ya tashi. Akwai kuma wanda aka kashe masa tsamin, ya fi duhu da laushin ɗanɗano, za ki ga an rubuta "Dutch process" ko "alkalized" a jikinsa, shi kuma galibi da bekin foda ake haɗa shi. Wajen nauyi bambancinsu bai taka kara ya karya ba, lamba ɗaya za ta yi musu aiki. Amma wajen tashin kek ba ɗaya ba ne. Idan tsarin girkin bekin soda kaɗai ya ambata, ba nono, ba lemun tsami, ba wani abu mai tsami a ciki, to mai hasken ake nufi.

2. San girman kofinki da cokalinki

A nan yawancin matsala ke farawa. Idan marubuci ya ce kofi, ba kofin shayin maigida yake nufi ba, ba kuma kofin silba na randa ba. Ma'auni ne mai ƙayyadadden girma, sai dai girman ya danganta da ƙasar da rubutun ya fito.

Kofin Amurka mililita 237 ne, ana cike shi a ce 240. Mafi yawan tsarin kek da ke yawo a intanet da shi aka rubuta su. Kofin da ake amfani da shi a Ostireliya da wasu ƙasashe mililita 250 ne, kuma da yawa daga jerin kofunan roba da ake sayarwa a kasuwanninmu 250 ɗin ne rubuce a hannunsu. Ki juya naki ki duba. Mutanen Ingila kuwa yawanci da gram suke rubuta girkinsu, ba su cika damuwa da kofi ba.

Babban cokali na awo mililita 15 ne, ƙarami mililita 5. Ƙananan cokula 3 su ne babba ɗaya, manyan cokula 16 su ne kofin Amurka ɗaya. Ki riƙe waɗannan biyun da ka, za su fitar da ke daga ruɗani da yawa. Ostireliya ce kaɗai ta fita daban, babban cokalinsu mililita 20 ne, wato ƙananan cokula 4.

To idan ba ki da kofin awo fa? Ba sai kin fasa girki ba. Ki samu sirinji sabo mai mililita 10 ko 20 a kemis, ko murfin maganin tari na yara mai zanen 5 da 10, ki wanke shi tas. Ki ɗauki kofin da kike so ya zama ma'auninki, wanda bakinsa da gindinsa ba su bambanta sosai ba, ki riƙa zuba ruwa kina ƙirgawa har ya cika baki. Abin da kika samu shi ne girmansa. Mai sikeli aikinta ya fi sauƙi: ruwa mililita ɗaya gram ɗaya ne, don haka ki ɗora kofin, ki mayar da sikeli sifili, ki cika shi da ruwa, lambar da ta fito ita ce mililitarsa. Haka za ki yi wa gwangwanin madara idan da shi kika saba awo. Kada ki ɗauki lambar da ke jikin gwangwanin a matsayin girmansa, wannan nauyin madarar da ke ciki ne, kuma kamfanoni kan sauya girman gwangwani ba tare da kin lura ba.

Gargaɗi: cokulan cin abinci na gida ba girmansu ɗaya ba. Ki jera guda uku daga kwandon cokulanki ki gwada da sirinji, za ki gani da idonki. Zaɓi wanda ya fi kusa da 15, ki ɗaura masa zare a hannu, ki ware shi don awo kaɗai. Kuma ki bar kofin ya bushe ƙayau kafin ya taɓa koko, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya manne hoda a gindi.

3. Sassauta hodar kafin ki taɓa kofi

Koko da ya daɗe a gwangwani yana kwanciya, na ƙasa ya danne kamar an daka shi. Wanda aka ƙulla a leda aka jibga wasu a kansa a shago ya fi haka ma. Ki sa cokali mai yatsu ki motsa shi sosai har ya saki jiki.

Idan akwai gudaji, tankaɗe ya zama dole. A Jos mun san wannan da damina, musamman watan Agusta da ruwa ba ya ɗaukewa, hoda na shan danshin iska ta dunƙule. Da hunturu kuma sai ta bushe ta yi ta tashi kamar ƙura, kina buɗe gwangwani tana bin hancinki. Ki kashe fanka, ki rufe taga, ki tankaɗe a hankali cikin kwano mai zurfi. Gudajin da suka rage a rariya ki murje su da bayan cokali, kada ki zubar, koko ne mai kyau.

Gargaɗi: ki karanta yadda aka jera kalmomin tsarin girkin. Idan an ce kofi ɗaya na tankaɗaɗɗen koko, tankaɗe ne farko, awo daga baya. Idan an ce kofi ɗaya na koko, sannan a tankaɗe, awo ne farko. Wanda aka tankaɗe kafin awo ya fi shan iska, saboda haka kofinsa ya fi sauƙin nauyi. Mai auna gram ba ruwanta da wannan, gram 85 gram 85 ne ko an tankaɗe ko ba a tankaɗe ba.

4. Cika kofin

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin duka, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ajiye kofin awo a kan faranti, don abin da ya zube ki mayar gwangwani. Ɗauki cokali, ki riƙa ɗebo hoda kina zubawa a cikin kofin sannu-sannu, kamar mai yayyafi, har ya cika ya yi tozo. Sai ki sa bayan wuƙa ki shafe bakin sau ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ke nan. Abin da ya rage a ciki shi ne gram 85 ɗin da ake faɗa.

Abubuwa uku ne hannu ke son yi da kansa, kuma duka ukun ɓarna ne. Na farko, tsoma kofin cikin gwangwani a kwaso, yadda muke kwasar shinkafa da mudu. Turawar nan da kike yi tana danna hodar, sai kofin ya ɗauki fiye da haƙƙinsa. Na biyu, bubbuga gindin kofi a kan tebur ko girgiza shi don ya daidaita. Duk bugu ɗaya iska na fita, hoda na sauka, ke kuma sai ki ƙara. Na uku, danna saman da bayan cokali. Mun taso a kasuwar da ake son mudu ya cika ya yi tozo har a tare da hannu, kuma mai awo da ya shafe baki ana ganinsa marowaci. A hatsi wannan albarka ce, a koko kuwa ita ce ke busar da kek.

Na taɓa ganin wannan ƙarara a ajinmu. Ɗalibai biyu, kwaɓi iri ɗaya, tanda ɗaya. Kek ɗin ɗaya ya fito da laushi, na ɗayar ya tsage a sama, cikinsa kamar gari. Ta kusa kuka, tana cewa komai ta bi. Na ce ta sake auna kokon a gabana, sai ta tsoma kofi ta kwaso, ta bubbuga, ta ƙara. Da muka ɗora a sikeli ya wuce gram 100. Ba sakaci ba ne, ba wanda ya taɓa nuna mata. Koko yana shan ruwa fiye da fulawa, don haka ƙarin da ido ba ya gani a kofi, harshe yana jinsa a kek.

Cokali ma haka ake yi masa: a ɗebo a sassauce, a shafe baki. Cokali mai tozo na koko yana iya kai ninkin shafaffe, domin hodar tana tsayawa ta yi tsini ba ta zubewa.

5. Daga kofi zuwa gram

Idan tsarin girkin da kofi ya zo, ke kuma kina da sikeli, ga abin da za ki auna. Lissafin na kofin mililita 240 ne da aka cika yadda na bayyana:

Ƙaramin cokali 1: kusan gram 2
Babban cokali 1: gram 5
Manyan cokula 2: gram 11
Kwatan kofi: gram 21
Kashi ɗaya cikin uku na kofi: gram 28
Rabin kofi: gram 42
Kashi biyu cikin uku: gram 57
Kwata uku: gram 64
Kofi 1: gram 85

Idan rubutun daga ƙasar da ke amfani da kofin 250 ya fito, ki ɗauki kofi a matsayin gram 89 ko 90, rabi kuma 45.

Ga kowane irin mazubi kuma, ƙa'idar ɗaya ce: mililita sau 0.35 shi ne gram. Gwangwanin da kika auna kika samu mililita 160, alal misali, zai ɗauki koko gram 56.

Za ki ci karo da marubutan da ke cewa kofin koko gram 100 ne, wasu ma fiye. Ba ƙarya suke yi ba, hannunsu ne ya fi nauyi wajen cikawa. Saboda haka idan marubuci ya ba da kofi ya kuma ba da gram a gefe, bi gram ɗinsa ki manta da jerin nan nawa, domin da wannan nauyin ya gwada girkinsa. Jerin na ranar da ba a ba ki gram ba ne.

Gargaɗi: kada ki ari lambar wani gari ki ɗora wa koko. Kofin fulawa kimanin gram 120 zuwa 125 ne, na sukari 200. Na sha ganin wadda ta haddace "kofi gram 125 ne" tana amfani da shi ga komai. Idan kika yi wa koko haka, kin sa kusan kofi ɗaya da rabi a inda ake son ɗaya.

6. Daga gram zuwa kofi da cokali

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, ta mai tsarin gram amma ba sikeli.

Gram 10: manyan cokula 2
Gram 15: manyan cokula 3
Gram 20: kwatan kofi, a ɗan rage kaɗan
Gram 30: kashi ɗaya cikin uku na kofi da ƙaramin cokali 1
Gram 50: rabin kofi da babban cokali ɗaya da rabi
Gram 60: kashi biyu cikin uku na kofi da ƙananan cokula 2
Gram 75: kwata uku da manyan cokula 2
Gram 100: kofi 1 da manyan cokula 3

Ga lambar da ba ta cikin jerin, idan ba ta kai 30 ba, raba ta da 5, abin da ya fito shi ne yawan manyan cokula. Idan ta haura haka, fara cire abin da kofi zai ɗauka, ragowar ki cike da cokali. A ce ana son gram 70: rabin kofi 42, saura 28, wato kashi ɗaya cikin uku na kofi. Kin gama da awo biyu kacal. Mai mazubi mai zanen mililita kuma sai ta ninka gram sau 2.8, gram 100 ya zama mililita 280.

Gargaɗi: kada ki auna abu mai yawa da cokali zalla. Nauyin babban cokali na haƙiƙa ya ɗan haura gram 5, kusan 5.3 ne, shi ya sa cokula 16 ke ba da 85 ba 80 ba. A cokali biyu ko uku wannan ba komai ba ne. A cokali ashirin kuskuren ya taru, ga kuma mantuwar ƙirga idan yaro ya kira ki a tsakiya.

7. Idan da oza aka rubuta

Tsofaffin littattafan girki da wasu na Amurka da oza suke awo, za ki ga "oz" a gaban lamba. Oza ɗaya gram 28 ne da ɗan ɗoriya. A koko lissafin ya zo da sauƙi: oza 1 kashi ɗaya cikin uku na kofi, oza 3 kofi guda cif.

Gargaɗi: a jikin wasu kofuna an rubuta oza 8. Wannan awon ruwa ne, ba nauyi ba. Idan aka ce oza 8 na koko, gram 227 ake nufi, kofi biyu da kashi biyu cikin uku, ba kofi ɗaya ba.

8. Aiki da sikeli

Ɗora shi a wuri mai ƙarfi kuma shafaffe, ba kan tire mai lanƙwasa ko tsumma ba. Kunna, ki tabbata harafin "g" ne a fuskarsa. Ɗora kwano, danna maɓallin TARE ko ZERO ya koma sifili, sannan ki zuba koko da cokali har lambar ta kai.

Wata dabara da nake so: ɗora gwangwanin kokon gaba ɗaya, mayar da sifili, ki riƙa ɗiba kina zubawa kai tsaye a rariya. Sikelin zai nuna lamba da alamar ragi a gabanta, idan ta kai abin da kike so sai ki tsaya. Ba kwanon wankewa, kuma idan hannu ya zarce, ba a cikin fulawa ya zarce ba balle ki rasa yadda za ki tsince shi.

Gargaɗi: wasu sikeli suna da zaɓin "ml". Na ruwa ne da madara, yana ɗauka duk abin da aka ɗora nauyin ruwa gare shi. Kada ki auna koko a kansa. Sannan ƙananan sikelin kicin ba su cika jin gram ɗaya ko biyu da aka yayyafa a hankali ba, don haka abin da bai kai babban cokali ba, cokalin awo ya fi su gaskiya. Idan lamba ta fara rawa ba dalili, batir ne ya yi sanyi. Kina iya gwada lafiyarsa da kunshin taliya da ba a buɗe ba mai gram 500, ya kamata ya nuna hakan ko ya ɗara da 'yan gram na leda.

9. Gano lambar hannunki

Duk jerin da ke sama na kowa da kowa ne. Wanda ya fi shi shi ne naki na kanki: kofinki, kokonki, hannunki. Aikin minti goma ne, sau ɗaya.

Idan za ki iya aron sikeli wurin maƙwabciya, cika kofinki yadda kika koya, ki auna, ki juye. Yi haka sau uku. Haɗa lambobin ki raba uku. A ce kin samu 84 da 88 da 86, lambarki 86 ce. Rubuta ta a takarda ki manna a murfin gwangwani. Idan tazarar da ke tsakanin awon ukun ta haura gram 10, hannun bai zauna ba tukuna, koma mataki na 4.

Idan babu sikelin aro, sabon kunshi zai yi miki aikin. Sayi wanda aka rubuta nauyinsa daga kamfani, a ce gram 250. Auna shi duka da kofinki kina ƙirgawa. Idan ya ba ki kofi uku saura ƙiris, hannunki daidai yake. Idan kofi biyu da rabi ya ba ki, kofinki gram 100 yake ɗauka, ko dai ya fi girma ko kina dannawa. Wannan gwajin ba ya yiwuwa da kokon da aka ƙulla a farar leda a shago, tunda ba ki da tabbacin nauyinsa. Duk ranar da kika sauya kamfani, ki sake gwadawa, domin laushin niƙa da yawan mai da ke cikin hodar sun bambanta.

10. Ninka girki da lissafin kuɗi

Ga masu sana'a, nan ne awo ke komawa naira. Idan za ki ninka tsarin girki don biki ko suna, fara mayar da shi gram, sannan ki ninka. Kashi ɗaya cikin uku na kofi sau shida: 28 sau 6, gram 168, kusan kofi biyu. Awo ɗaya a sikeli ya fi awo shida da kofi, domin kowane ɗiba da nasa kuskuren.

Kilo ɗaya na koko, a gram 85, yana ba da kofi 11 da kusan kwata uku. Idan hannunki gram 110 yake kwasowa, kofi 9 kawai za ki samu. Kusan kofi uku sun tafi a kowane kilo, kuma ba su ƙara wa kek ɗin komai ba sai ɗaci. Farashi yana motsi kullum, don haka ki yi lissafin da abin da kika biya: raba kuɗin da yawan gram. Mu ɗauka, don misali kawai, kin sayi kilo a naira 10,000. Gram ɗaya naira 10 ke nan, kofin gaskiya naira 850, danƙararre naira 1,100. Mai yin kek biyar a sati ta lissafa abin da ke zuba a wata. Ƙananan kunshi kuma kusan kullum sun fi tsada a kan gram, amma kada ki sayi kilo idan sau ɗaya a wata kike gashi, danshi zai riga ki cinye shi.

11. Idan koko zai shiga gurbin wani abu

Mai son mayar da farin kek ya zama na cakulan kada ta ƙara koko a kan fulawar da ke nan, sai dai ta cire fulawa ta sa koko a gurbinta. A fulawa gram 250, cire gram 40 zuwa 50, ki mayar da koko daidai wannan nauyin. Idan kwaɓin ya yi kauri, ƙara madara ko ruwan ɗumi babban cokali ɗaya ko biyu. Ki lura, da kofi lissafin ba ya zuwa ɗaya: kwatan kofin fulawa gram 30 ne, na koko 21.

Idan kuma an nemi cakulan na gashi marar sukari oza ɗaya ba ki samu ba, manyan cokula 3 na koko da babban cokali 1 na bota ko man gyaɗa za su tsaya a madadinsa.

Wasu tsare-tsaren za su ce a dama kokon da ruwan zafi kafin a zuba, don ƙanshinsa ya fito. Dabara ce mai kyau, amma auna shi a bushe tukuna, kuma ruwan ya fito daga cikin wanda aka ƙayyade, ba ƙari ba.

Mu na Jos akwai abin da ya shafe mu daban. Garin nan yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a irin wannan tsayi kek yana saurin tashi, danshinsa yana saurin fita a tanda. Nauyin koko bai sauya ba, gram 85 ɗin nan dai shi ne. Amma ƙarin cokali biyu da kek zai iya shanyewa a Legas, a nan sai ya nuna, musamman da hunturu. Don haka idan awonki ya tsaya tsakanin lamba biyu, ɗauki ta ƙasa, ki kuma fara leƙa kek ɗin minti biyar kafin lokacin da aka rubuta.

Da kin gama, rufe gwangwanin ruf, ki ajiye shi a busasshen wuri nesa da murhu, nesa da daddawa da kori da busasshen kifi, domin koko yana ɗaukar warin maƙwabcinsa. Kada ki sa shi a firji: duk fitarwa ɗaya raɓa na sauka a kansa, gudaji su dawo, lambar da kika manna a murfi kuma ta daina aiki sai kin sake tankaɗe.